Sati Uku da Cire Mini Wayar Haƙora, Likita Ya Ce In Sa Biniya Goma

Assalamu alaikum Anti,

Shekaruna 24. Na yi shekara biyu cur da wayar gyaran haƙora a bakina, yau sati uku ke nan da aka cire mini. Haƙoran sun jeru, ban musa ba, amma da na dubi madubi sai gabana ya faɗi. Haƙora biyu da ke gefen manyan haƙorana na gaba ƙanana ne tun asali, yanzu da komai ya miƙe sai ƙanƙantarsu ta ƙara fitowa fili, ga ɗan giɓi a gefen kowanne. Akwai fararen tabo a wuraren da ƙarafan suka zauna, bakin haƙorina ɗaya na gaba ya ɗan guntule tun ina yarinya, launinsu duka kuma ya ja zuwa rawaya. Na je wurin wani likitan haƙori, ba wanda ya sa mini wayar ba, ya ce a sa mini biniyar tangaran, wato siririn ɓawon da ake manna wa fuskar haƙori, guda goma a sama, cikin sati biyu an gama, in fito da murmushi irin na taurarin fim. Bikina saura wata huɗu. Mahaifiyata ta ce sam, ba za a taɓa mata lafiyayyen haƙori ba. Ni kuma ji nake kamar wahalar shekara biyu ta tashi a banza in na tsaya a haka. Shin in yi? In kuma zan yi, yanzu ko sai bayan biki?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a wannan aure.

Kada ki yi yanzu, kuma ko nan gaba da wuya bakinki ya buƙaci biniya goma. Abubuwan da kika lissafa duk na gaske ne, ba wasi-wasin madubi ba ne, kuma kowanne yana da maganinsa. Sai dai magungunan ba iri ɗaya ba ne, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar a kankare ko haƙori ɗaya.

Faɗuwar gaban da kika ji ba ke kaɗai take samu ba. Mutum ya shekara biyu yana ƙirga kwanaki, yana zana murmushin da zai fito da shi a ransa, ranar ta zo, ƙarafan da suka saba ɗauke hankali suka tafi, sai ido ya sauka a kan kowane ɗan tabo. Aikin waya shi ne ta ɗauki haƙori daga inda yake ta kai shi inda ya dace. Ba ta ƙara wa ƙaramin haƙori girma, ba ta sauya launi, ba ta cike guntu. Da tun ranar farko an zaunar da ke an ce miki bayan waya akwai ɗan sauran aiki, da yanzu ba ki ji kamar an yi miki rufa-rufa ba. Abin da nake jiye miki shi ne ki yanke hukuncin da ba ya warwaruwa alhali ranki yana ɓace.

Mu fara da dalilin jira. Haƙori ba manne yake da ƙashin muƙamuƙi kai tsaye ba, wasu siraran zaruruwa ne suke ɗaure saiwarsa da ƙashin. Duk tsawon lokacin da waya take ja, ƙashin da ke gaban saiwar yana zaizayewa a hankali, sabo yana ginuwa a bayanta, zaruruwan nan kuma suna miƙewa. Ranar da aka cire waya jiki bai gama nasa aikin ba. Zaruruwan saiwa suna ɗaukar kimanin wata uku zuwa huɗu kafin su sake tsari su saba da sabon mazauni, waɗanda ke cikin dasashi a wuyan haƙori kuwa suna iya kaiwa shekara suna ƙoƙarin mayar da shi gidan jiya. Yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa ma yana ci gaba da daidaita kansa a watannin farko. Ita kuwa biniyar tangaran daidai da awon rana ɗaya ake ƙera ta. Haƙora su ɗan gusa bayan an manna, sai ki ga giɓi ya buɗe tsakanin biyu, ko bakin ɗaya ya riƙa karo da haƙorin ƙasa har ya tsage. Shi ya sa likitoci da dama suke cewa a jira wata uku zuwa shida, ana sa ritena, wato abin da ake sawa a baki bayan cire waya don ya riƙe haƙora a sabon mazauninsu, kafin a yi aikin tangaran na dindindin.

Sai dasashi. Kusan duk wanda ya fito daga waya yana fitowa da ɗan kumburi a dasashinsa, domin goge kewayen ƙarafa yana da wuya ko ga mai ƙoƙari. Ki ɗaga leɓenki a wuri mai haske ki duba da kyau. In bakin dasashin ya yi tudu, yana sheƙi, ya ɗan hau kan haƙori, ko yana jini in kin sa zaren sakace, to bai koma yadda yake ba tukuna. Lafiyayyen dasashi a ɗame yake, bakinsa siriri, kwance lif a jikin haƙori. Biniya ana ajiye bakinta ne daidai layin dasashi don kada a ga inda ta ƙare. In aka auna ta a kan kumburi, bayan wata biyu kumburin ya saɓe, dasashi ya ja baya da rabin milimita, sai wani siririn layi ya bayyana a wuyan kowane haƙori: ga farin tangaran, ga haƙorinki na asali mai ɗan duhu yana leƙowa a samansa. Wurin yana riƙe datti, buroshi ba ya gyara shi, sai dai a cire a sake. Ban da haka, jini ko danshi a lokacin mannawa yana raunana gam ɗin tun daga ranar farko.

Yanzu ga babbar maganar, wadda nake jin ita ce a zuciyar mahaifiyarki. Biniya siririn ɓawo ce da ake manna wa fuskar haƙori, kaurinta yawanci tsakanin milimita 0.3 da 0.7. Domin ta zauna ba tare da haƙori ya yi tudu ba, akasari sai an kankare kusan wannan kaurin daga inamel, farin rufin nan mai tauri da ya lulluɓe haƙori. Rabin milimita ba ya tayar da hankali a kunne, sai kin san cewa a kusa da dasashi inamel ɗin haƙoran gaba gaba ɗayansa bai wuce milimita 0.3 zuwa 0.5 ba, a tsakiyar haƙori ne yake kusantar milimita ɗaya. Kuma ba ya sake tsirowa. Fata tana warkewa, ƙashi yana ɗoruwa, amma ƙwayoyin halittar da suka gina inamel sun gama aikinsu sun tafi tun lokacin da haƙorin ya huda dasashi ya fito. Haƙorin da aka kankare ya zama mai buƙatar rufi ke nan muddin yana bakinki.

Tun da likitan ya kawo zancen taurarin fim, daga wurinsu ma abin ya faro. A 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya ta Amurka, Charles Pincus, ya fara ƙera wa 'yan wasan Holiwud irin wannan ɓawo. Na 'yan sa'o'i ake liƙa musu, a ɗauki fim, a cire, domin babu gam ɗin da zai riƙe shi. Sai a 1955 wani mai bincike, Michael Buonocore, ya nuna cewa in an shafa wa inamel asid yakan yi ƙananan ramukan da roba za ta shiga ta kama, sannan a farkon shekarun 1980 aka gano yadda za a yi wa bayan tangaran irin haka. Daga nan biniya ta zama abin da ke zama a baki shekaru. Kin ga ashe duk ƙarfinta a kan inamel ya dogara. In aka zarce shi aka kai dentin, sashe mai ɗan laushi da ke ƙarƙashinsa, riƙon yana raguwa, biniya ta fi saurin ɓallewa, ga zogi duk lokacin da aka kurɓi ruwan sanyi.

Ba kushe biniya nake yi ba. In gwani ya yi ta a kan inamel, aiki ne mai kyau da ƙarko, kuma binciken da aka bi masu ita shekara da shekaru ya nuna kusan tara cikin goma suna kaiwa shekara goma lafiya, da yawa har su wuce 15. Amma ki yi lissafi da shekarunki. Yau kina 24. Ko da kowane zubi ya yi miki shekara 15, za ki sake a 39, ki sake a 54, ki sake a 69, in Allah ya ba da tsawon rai. Haƙora goma kowane karo, da kuɗinsu, kuma kowace cirewa tana iya tafiya da wani abu daga ɗan inamel ɗin da ya rage. Wannan lissafin ba a cika yi wa mutum shi ba ranar da ake nuna masa hotunan waɗanda aka gama wa aiki jiya.

Batun cewa wahalarki ta tashi a banza kuwa, ki cire shi daga ranki. Masu karkatattun haƙora da suke tsallake waya su tafi biniya kai tsaye, su ake kankare wa da yawa, domin dole a rage wanda ya turo gaba ya yi daidai da 'yan uwansa. Ke kin riga kin biya wannan da haƙurinki. Haƙoranki suna kan layi, don haka abin da ya rage miki ƙari ne a kansu, ba sai an rage komai ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Fararen tabon nan alama ce ta inda datti ya daɗe a gefen ƙarfe, asid ɗin ƙwayoyin cuta ya tsotse ma'adinan inamel daga ciki, wurin ya yi fari mara sheƙi. Matakin farko ne na ruɓewa, amma wanda bai yi rami ba tukuna, kuma yana iya komawa baya. Yanzu da ƙarfe ya tashi, miyau yana isa wurin yana mayar masa da kalsiyam da fosfet, shi ya sa tabo da yawa suke dishewa da kansu a watannin farko. Naki aikin shi ne goge baki sau biyu a rana da man da ke da fuloraid, ki tofar ba tare da kin kurkure da ruwa ba, ki kuma rage yawan kai zaƙi baki tsakanin cin abinci. Wanda ya ƙi tafiya, akwai dabarar da ba a huda komai. Likita zai shafa asid na 'yan mintuna ya buɗe fuskar tabon, ya wanke, ya busar, ya ɗiga wata roba mai ruwa-ruwa ta tsotsu cikin ƙananan ramukan, ya haska mata fitila ta daskare. Wadda aka fi sani sunanta Icon. A zama ɗaya ake gamawa, yawanci ba allura, kuma sau da yawa tabon yana sajewa da sauran haƙorin kafin ki tashi daga kujera.

Launi shi ya fi sauƙi. Ki fara da wankin haƙora a asibiti, a tabbatar babu ragowar gam ɗin waya a manne, domin shi ma yana ɗaukar rawaya. In dasashi ya lafa, likita zai iya yi miki roba daidai bakinki ya ba ki sinadarin hasken haƙora, wanda aka fi amfani da shi a gida shi ne kabamaid feroksaid mai ƙarfin kashi 10, ana kwana da shi na sati biyu zuwa huɗu. Haƙora kan ɗan yi zogi a lokacin, ya wuce. A kwanakin farko fararen tabon za su iya ƙara haske, kada ki firgita, sauran haƙorin zai biyo su. Abin da ba a wasa da shi a nan shi ne jerin aikin: tangaran da roba ba sa jin sinadarin nan, launin da aka sa su da shi a nan suke tsayawa. Don haka haskawa ce farko, a jira kamar sati biyu launi ya zauna, iskar oksijin da ta rage a inamel ta fita don kada ta hana gam kamawa, sannan a ɗora duk abin da za a ɗora. Ki nisanci gawayi, ruwan tsami da hodar da ake talla ba a san abin da ke ciki ba. Inamel ɗin da muke ta ƙoƙarin tserarwa suke cinyewa.

Ƙananan haƙoran nan biyu su ne inda maganar biniya take da gindin zama. A matsakaici babban haƙorin gaba yana kai faɗin milimita 8.5, na gefensa kuma kimanin 6.5. A wasu mutane na gefen yakan fito siriri, wani lokaci da tsini, haka aka haife su, yakan kuma bi jini. Giɓin da kike gani a gefensu, sau da yawa da gangan likitan waya yake barinsa. In ya matse ya rufe, haƙoran sama ba za su hau na ƙasa daidai ba, kuma ba za a sami filin da za a faɗaɗa ƙananan ba. Saboda haka wurinsa za ki koma kafin kowa. Ki tambaye shi kai tsaye: Likita, wannan giɓin na mene ne, milimita nawa ka bari, da me ka tsara a cike shi? Ki nemi ya rubuta wa duk wanda zai yi aikin, su yi magana da juna, kada ki zama ke ce mai kai saƙo tsakaninsu.

Ƙanƙantar haƙoran nan ita ce sa'arki, domin akwai wurin da za a ƙara ba tare da an rage ba. Hanya mafi sauƙi ita ce kwamfozit, robar nan mai launin haƙori da ake cike kogo da ita. Likita zai shafa asid, ya wanke, ya sa gam, sannan ya riƙa ɗora robar kaɗan-kaɗan, mai ɗan duhu a ciki, mai ɗaukar haske a waje, yana sassaƙa ta da siririn ƙarfe, yana haska fitila bayan kowane ɗori, daga ƙarshe ya goge ta har ta yi sheƙi. A zama ɗaya. Ita ba sai an jira wata shida ba, domin in dasashi ya ja baya ko haƙori ya ɗan gusa ana iya ƙara mata ko a rage. Tana da nata rauni, ba zan ɓoye miki ba. Yawanci shekara biyar zuwa bakwai take yi kafin ta nemi gyara ko sauyi, gefenta yana ɗaukar launin shayi, kofi da hayaƙin taba, tana kuma son a riƙa goge ta a asibiti lokaci-lokaci. Amma ranar da kika gaji da ita, kina shekara 30 ko 32, za a cire a tarar da haƙorinki cikakke a ƙasa, sannan ki zaɓi tangaran a kan biyun nan kaɗai in kina so. Bakin haƙorin da ya guntule ma da wannan robar za a cike shi, in kuma guntun ƙanƙani ne a goge bakin kawai ya yi sumul. Kin ga haƙora uku ke nan aka taɓa, babu wanda aka sare.

Shi likitan da ya ce goma, akwai inda lissafinsa ya fito. In mutum ya yi murmushi mai faɗi, haƙoran sama takwas zuwa goma ne suke bayyana, kuma ya fi sauƙi a sa su duka su zo launi ɗaya da a daidaita biyu da sauran takwas na asali, wanda yake buƙatar ido da haƙuri. Akwai kuma bakin da goma ce ta dace da shi: wanda maganin tetirasaikilin ya rina wa haƙora tun yana yaro har sinadarin haskawa ya kasa, ko wanda inamel ɗinsa ya fito da naƙasa, ko wanda haƙoransa suka zaizaye sosai. Abin da kika bayyana bai shiga cikin waɗannan ba. In kin koma wurinsa, ki tambaye shi me ke damun kowane ɗaya daga cikin goman, ɗaya bayan ɗaya. Ki tambaye shi milimita nawa zai kankare, kuma zai tsaya a cikin inamel ko zai wuce. Sannan ki tabbatar biniya yake nufi ba hula ba, domin ana yawan cakuɗa su a talla. Biniya fuskar haƙori take rufewa, hula kuwa kewaye shi take yi gaba ɗaya. Wasu masu bincike biyu, Edelhoff da Sorensen, sun auna wannan a kan samfurin haƙoran gaba a wani bincike da suka buga a 2002: shirya haƙori don biniya yana cin kashi 3 zuwa 30 cikin 100 na sashen da ke waje, shirya shi don hula kuwa kashi 63 zuwa 72. Bidiyoyin nan da kike gani an feƙe wa mutum haƙora sun koma 'yan tsinke, aikin hula ne. Irin wannan sarar tana kusantar jijiya, wani lokaci jijiyar ta mutu, a koma aikin cire ta. Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ki gode masa ki nemi wani.

Duk wanda zai yi miki aiki, roba ko tangaran, ki nemi gwaji kafin a taɓa komai. Ana ɗaukar awon bakinki, a gina sabon fasalin da kakin zuma a kan samfuri ko a kwamfuta, sannan a zuba robar wucin gadi a ɗora a kan haƙoranki yadda suke, ba allura, ba kankara. Ki tashi ki dubi madubi, ki yi magana, ki furta kalmomi masu "f" da "s" ki ji ko harshe da leɓe sun amince, ki sa a ɗauke ki bidiyo kina dariya. Mutane da yawa a nan suke gane cewa dogayen haƙoran da suka yaba a hoton wata ba su dace da tasu fuskar ba.

Ritena kuwa, wannan babu rangwame. Biniya ba ta riƙe haƙori a wuri ɗaya, duk inda haƙorin ya tafi tare suke tafiya. Ki sa ritenarki yadda aka umarce ki, kuma ki sa a ranki cewa sawar dare abu ne na shekaru masu yawa, muddin kina son jerin nan ya tsaya. Da zarar an ƙara wa haƙori faɗi, tsohuwar ritenar roba ba za ta shiga ba, kada kuma ki tilasta ta don tana iya ɓalle sabon aikin. A tsara tun farko a yi miki sabuwa a ranar ko washegari, domin kwana kaɗan babu ritena ya isa haƙoran da suka fito daga waya su fara tafiya. In akwai siririyar waya manne a bayan haƙoranki, mai aikin ya san da ita tun kafin ya fara. In kuma kina cije haƙora ko tauna su cikin barci, wanda kike gane shi da ciwon muƙamuƙi da safe ko bakin haƙora da suka shafe, ki faɗa. Wannan ɗabi'a tana cikin manyan masu fasa tangaran, kuma mai ita sai da robar kariya ta dare.

Wata huɗun da ya rage miki ya isa a yi abin da za ki ji daɗin hotunanki. Watan farko na ritena ne, da wankin haƙora, da zaren sakace kullum har dasashi ya daina jini, da komawa wurin likitan waya. A wata na biyu a yi haskawa, a huta sati biyu. A na uku a gyara tabon da suka rage, a gina ƙananan haƙoran biyu, a cike guntun, a yi sabuwar ritena. Wata guda ya rage miki na sabawa da ƙananan gyare-gyare. Ki kwatanta wannan da sa tangaran goma ana saura 'yan makonni, haƙora suna zogi, dasashi bai huce ba, ga tsoron kada ɗaya ta ɓalle ranar taro. Ki zauna da Mama ki nuna mata wannan tsarin. Gaskiya tana wurinta game da lafiyayyen haƙori, ke ma kina da taki game da abin da ke damunki, kuma ina kyautata zaton in ta ji ba za a sare komai ba za ta sa albarka.

In bayan shekara guda kin zauna da robar, kin ga har yanzu tangaran kike so a kan biyun nan, ko huɗu don su yi daidai da juna, to lokacin ya yi kyau, haƙora sun zauna, dasashi ya tsaya. A fara da hoton haƙora a ga lafiyar saiwoyi, domin waya takan ɗan gajarta saiwar haƙoran gaba a wasu mutane, a kuma tabbatar babu kogo. Wajen zaɓen launi kada ki bi mafi fari a allon launuka, wanda za ki bi shi ne haƙoran da za su zauna kusa da ita. Haƙorin gaske ba launi ɗaya ba ne daga sama har ƙasa, ya fi duhu a wuya, bakinsa kuma haske yana ɗan ratsa shi, kuma mai ƙera biniya na ƙwarai yana kwaikwayon wannan. Ranar sawa za a fara ɗora su da man gwaji kafin gam na gaske. Ki nemi madubi, ki matsa kusa da taga ki gan su a hasken rana, ba fitilar asibiti kaɗai ba. In wani abu bai kwanta miki ba, a lokacin za ki faɗa, domin da zarar an manna, ba sa fita cikin sauƙi, yawanci sai an niƙe su.

Bayan an sa, haƙoran gaba sun daina aikin buɗe kwalba, yanke zare, cizon farce, murfin biro da ƙanƙara. Buroshi mai laushi, man goge baki mara gautsi, da zaren sakace kullum, domin tangaran ba ya ruɓewa amma haƙorin da ke bayansa da gefensa yana ruɓewa. Ɗan zogin sanyi na 'yan kwanaki ko makonni ba abin damuwa ba ne. Amma in zare yana maƙalewa ko tsinkewa a wuri ɗaya, ko dasashin haƙori ɗaya ya ci gaba da kumburi da jini bayan sati biyu, ko kina jin haƙori ɗaya yana riga sauran haɗuwa in kin rufe baki, ko zogi yana tashinki daga barci, ki koma wurin likitan a cikin satin, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.